Ƙwallon Amurka da ƙwaƙwalwar 'yan wasa: gyara aka yi ko kwaskwarima?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san yawancinmu Firimiya da Laliga muka sa a gaba, amma tunda akwai irina masu hana idonsu barci saboda ƙwallon Amurka, bari in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Hukumar NFL, mai shirya babbar gasar ƙwallon Amurka, ta fitar da lissafin kakar 2024, ta ce sau 182 aka samu ɗan wasa da buguwar ƙwaƙwalwa, wasanni da atisaye duka a haɗe. A 2023 sau 219 ne. Tun da suka fara wannan ƙidaya a 2015 ba a samu ƙasa da haka ba, in aka cire shekarar korona da ba a buga wasannin share fage ba. Sai tafi ake ta yi musu. Ni dai ban tafa ba. Wanda aka maka da ƙasa ya tashi yana tangaɗi kowa na kallo, shi ake rubutawa a littafi. To ƙartin nan na sahun gaba fa, masu nauyin kilo 140, da ke gwara kai da juna kusan sau sittin a wasa ɗaya, su miƙe su karkaɗe riga su koma layi? Wa ke ƙirga nasu? A ganina ciwon da ke cinye su bayan sun yi ritaya daga wannan gwaren yake zuwa, gwaren kuwa shi ne wasan kansa. Mai ja ya ja.

Ɗan Zango (Bronx): Wa alaikumus salam Yaya. Ni na ja. Ka yi adalci mana. Wasan da ake bugawa yau ba shi ne na shekarar 2000 ba. Tun yarjejeniyar 2011 aka hana atisayen gwabzawa sau biyu a rana, kuma a duk kakar wasa sau 14 kawai aka yarda a yi atisaye da cikakken sulke. Tun 2013 akwai likitan ƙwaƙwalwa a bakin fili wanda ba ma'aikacin kulob ba ne. Akwai masu sa ido a can saman filin wasa da ke da ikon tsayar da wasa su ce a fitar da wane. A 2018 aka haramta sunkuyar da kai a tunkuyi mutum da hular kwano, yadi 15 ake cin kulob tara. A 2024 ma sun sauya yadda ake bugun farko gaba ɗaya, don a daina sheƙowa da gudu daga nesa ana karo. Duk wannan ka ce kwaskwarima ce?

Baban Ummi: Ƙanena ban ce ba a yi komai ba. Na ce abin da aka rage daban, abin da ke yin ɓarnar daban.

Kawu Garba: Ku dakata tukuna, ku yi wa tsoho bayani. Mutum ya sa hular kwano mai kauri kamar tukunya, ta ina kuma ƙwaƙwalwa za ta bugu? Dakta kina kusa?

Dakta Rabi: Ina nan Kawu, ina wuni. Hular tana aikinta, amma aikinta shi ne hana ƙoƙon kai fashewa. Ita ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙashi ba, tana cikin ruwa ne. Ɗauki ɗanyen ƙwai ka naɗe shi da auduga ka jijjiga da ƙarfi: ɓawon lafiya lau, amma gwaiduwar ta sha wuya a ciki. Idan mutum na gudu aka tare shi farat ɗaya, kai ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da tafiya ta daki ƙashi. Mafi muni ma shi ne bugun da ke murɗa kai gefe, domin yana jan siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Ba dole ne a daki kan ba ma, karo a ƙirji na iya fizgar wuya ya jawo hakan.

Abu biyu mutane ke yawan kuskurewa. Na ɗaya, mafi yawan waɗanda suka bugu ba sa suma. Ciwon kai ne, jiri, ganin dishi-dishi, haske na damunsu, amai, ko mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya. Na biyu, hoton kai na asibiti sau da yawa ba ya nuna komai, domin ba jini ne ya zuba ba. Shi ya sa likita ya dogara da abin da ɗan wasa ya faɗa masa, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Wancan ciwon da Baban Ummi ke nufi kuwa, wanda ake kira CTE, wani abu ne dabam. Wani sinadari mai suna tau ne ke taruwa ya dunƙule a kewayen ƙananan hanyoyin jini, can cikin lungunan ƙwaƙwalwa, yana yaɗuwa a hankali shekara da shekaru. Har yanzu ba a iya tabbatar da shi sai mutum ya rasu an yanka ƙwaƙwalwar an duba.

Kawu Garba: Allah ya yi miki albarka. Ashe wannan ne abin da ɗan ƙasarmu ya gano.

Na Maraɗi: Wane ɗan ƙasarku kuma Kawu? Ku 'yan Najeriya komai sai kun ce naku ne.

Kawu Garba: Wannan kam namu ne, ɗana, ko ka ƙi ko ka so. Bennet Omalu sunansa, ɗan jihar Anambra, an haife shi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka kafin ya tafi Amurka. A lokacin aikinsa binciken gawa ne a birnin Pittsburgh. A watan Satumban 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster. Shi Omalu bai ma damu da wasan ba, amma a garin nan Webster sarki ne: kakar wasa 17 ya buga a tsakiyar sahun gaba, ya ci kofin Super Bowl, wato babban kofin NFL, sau huɗu da Steelers, kulob ɗin garin. Sai ga shi bayan ritaya ya rikice, mantuwa, fushi, aure ya mutu, dukiya ta tafi, har ya koma kwana a cikin motarsa. Ya rasu yana da shekara 50. Da aka buɗe kan, ƙwaƙwalwar a ido lafiya ƙalau take. Wani likitan da ya rufe ya sa hannu ya tafi gida. Shi ya ce a'a, mutum ba ya lalacewa haka kawai, ya sa aka yayyanka ta aka duba da madubin likita, ya ga tau ɗin nan da Dakta ta faɗa. Ya wallafa sakamakon a 2005.

Kun san abin da NFL ta yi? Likitocin kwamitinta suka rubuta wasiƙa suna neman a janye binciken. Kwamitin da aka kafa tun 1994 don nazarin buguwar kai, shugabansa Elliot Pellman kuwa likitan gaɓoɓi ne, masanin ciwon sanyin ƙashi, kuma likitan kulob ɗin Jets. Ka ji fa. An ba kura ajiyar nama.

Lauya Sadiq: Kawu ka bar wani abu. Tun 1928 wani likita mai suna Harrison Martland ya bayyana irin wannan lalacewa a jikin 'yan damben boksin. Abin da Omalu ya yi shi ne nuna ta a ɗan ƙwallon NFL, inda kuɗi suke. A 2009 majalisar wakilan Amurka ta kira shugaban NFL Roger Goodell, ya ƙi amsa cewa akwai alaƙa, har 'yar majalisa Linda Sánchez ta kwatanta su da kamfanonin taba sigari. Sai a watan Maris na 2016 wani babban jami'insu, Jeff Miller, ya amsa da bakinsa a gaban 'yan majalisa cewa e, akwai alaƙa. Shekara 11 bayan binciken Omalu.

Ɗan Zango (Bronx): To ai ga shi sun amsa. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake tsorata mutane da alƙaluma. Kullum sai a ce an duba ƙwaƙwalwar tsoffin 'yan wasan NFL 111, an samu CTE a 110. Wa ke kai ƙwaƙwalwar mahaifinsa a yanka? Wanda ya ga mahaifin ya rikice kafin ya mutu. Wanda nasa ya tsufa lafiya yana wasa da jikoki, binne shi zai yi. Kamar ka je asibiti ne ka ƙirga marasa lafiya ka ce duk garin ba lafiya.

Dakta Rabi: Wannan gaskiya ka faɗa, kuma ita kanta Ann McKee ta Jami'ar Boston da ta jagoranci binciken na 2017 ta faɗi haka. Ba wanda ya isa ya ce kashi 99 na 'yan wasan NFL suna da ciwon. Amma juya lissafin ta ɗaya gefen. Tsoffin 'yan wasan da suka rasu a tsawon lokacin binciken sun kai wajen 1,300. Ka ɗauka duk sauran da ba a duba ba lafiyarsu ƙalau, ko mutum ɗaya babu mai shi. Har yanzu kana da kusan 9 cikin 100. Sannan a 2018 aka duba ƙwaƙwalwa 164 na mutanen gari da ba a zaɓo su saboda wasa ba, aka samu ciwon a mutum ɗaya tak, shi ma ya buga ƙwallon a jami'a. Zuwa 2023 lissafin Boston ya kai 345 cikin 376.

Abin da ya fi shafar maganar Baban Ummi shi ne wani bincike na 2023 a kan ƙwaƙwalwa 631. Suka tarar yawan lokutan da aka tabbatar mutum ya bugu ba shi ke nuna wa zai kamu ba. Abin da ke nunawa shi ne shekarun da ya yi yana wasa da jimillar ƙarfin duk karon da kansa ya sha, har da ƙananan da bai ji komai ba.

Baban Ummi: Alhamdulillahi. Ɗan Zango ka ji ko? 182 ɗin nan da ake yi wa tafi ba ta taɓa wannan wurin ba sam.

Ɗan Zango (Bronx): Rage atisayen gwabzawa ya taɓa shi mana Yaya. Karo mai yawa a atisaye ake shan sa.

Dakta Rabi: Nan kam Ɗan Zango ya fi ka gaskiya, Baban Ummi. A cikin duk gyare-gyaren, rage gwabzawa a atisaye shi ne wanda ya nufi tushen matsalar kai tsaye.

Na Maraɗi: Ni fa tun ranar da na ga yaron nan Damar Hamlin na kulob ɗin Buffalo ya yanke jiki ya faɗi a fili na ce wannan wasa ba na mutane ba ne.

Dakta Rabi: Nasa zuciya ce, ba kai ba. Ranar 2 ga Janairun 2023 ne a Cincinnati, bugu ya same shi a ƙirji daidai lokacin da bai kamata ba a bugun zuciya, ta tsaya. Ma'aikatan lafiya suka farfaɗo da shi nan take a fili, har ya dawo wasa.

Baban Ummi: In misali kuke so, ga Tua Tagovailoa, mai jefa ƙwallo na Miami Dolphins a lokacin. Wannan ba a zamanin Webster ba ne, 2022 ne, duk dokokin da ƙanena ya lissafo suna nan daram. Ranar Lahadi 25 ga Satumba suna wasa da Buffalo aka ture shi, ƙeyarsa ta daki ƙasa. Ya tashi yana girgiza kai, ya yi taku kaɗan gwiwoyinsa suka saki, sai da abokan wasa suka tallafe shi. Duk duniya ta gani. Aka shiga da shi ciki, bayan hutun rabin lokaci sai ga shi ya dawo. Wai bayansa ne ya riƙe. Baya! Kwana huɗu tsakani, ranar Alhamis 29 ga wata, aka sake sa shi a wasa da Cincinnati. Aka ɗaga shi aka buga da ƙasa, yatsunsa suka sandare a gaban fuskarsa, a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. Wallahi ranar kashe talabijin na yi.

Likitan da ba na kulob ba fa yana wurin ranar Lahadin. Ƙungiyar 'yan wasa ce ta sallame shi daga baya, aka kuma ƙara sharaɗi cewa duk wanda aka ga yana tangaɗi ba zai koma wasan ba, ko me ya ce. Wato sai da aka yi ɓarin sannan aka gyara dokar. A ranar Kirsimeti ta shekarar ya sake buguwa a wasa da Green Bay, ya ƙarasa wasan ba wanda ya lura sai washegari. A Satumban 2024 kuma ya sake, da Buffalo, kuma wanda ya yi karo da shi Hamlin ɗin nan ne na Na Maraɗi.

Ɗan Zango (Bronx): Kuma shi da kansa ya ce zai ci gaba. An ba shi zaɓin sa hular nan mai laushi da ake ɗorawa a kan hular kwano, Guardian Cap, ya ce ba ya so. Babban mutum ne mai iyali, a 2024 ya sa hannu a kwantiragin sama da dala miliyan 212. Wa ya isa ya hana shi? Masu haƙar ma'adinai da sojoji ma sun san haɗarin aikinsu, ba kuma a ba su ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan. Ni nan ina tuƙin tasi awa goma sha biyu, bayana ya gama aiki, wa ya taɓa buɗe mini muhawara?

Kawu Garba: Allah ya ba ka lafiya ɗana, mu buɗe maka gobe.

Lauya Sadiq: Hujjar zaɓi tana da ƙarfi a kan Tua, domin shi ya san komai kuma kuɗinsa sun riga sun shiga. Amma mutum nawa ne Tua? Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da 'yan kai. Yawancin kwantiragi ba a lamunce su gaba ɗaya ba, ana iya sallamarka a daina biya. Ka tuna Alex Smith a 2012: yana kan ganiyarsa a San Francisco, ya faɗa wa likitoci cewa ganinsa ya dushe bayan wani karo. Aka zaunar da shi, aka sa Colin Kaepernick, ya warke bai sake samun gurbinsa ba, ƙarshe aka sayar da shi. Duk yaron da ke ɗakin canza kaya ya ga wannan. Gobe in kansa na sarawa, likita ya ce yaya kake ji, me kake tsammani zai ce?

Su kuma na da, ba a ba su zaɓin ba ma, tunda an ce musu babu komai. Shi ya sa sama da tsoffin 'yan wasa 4,500 suka kai ƙara. A 2013 aka sasanta a kan dala miliyan 765. Mai shari'a Anita Brody ta ce ba ta gamsu kuɗin za su isa ba, aka cire iyaka, ta amince a 2015. An biya sama da dala biliyan ɗaya zuwa yanzu. Amma ku lura da abu biyu. NFL ba ta amsa laifi ba, kuma sasantawar ta hana a tilasta mata fito da takardunta a kotu a ga me ta sani da kuma yaushe. Sannan diyyar CTE kanta, wadda ta kai dala miliyan 4, ta waɗanda suka rasu kafin a amince da yarjejeniyar ce kawai. Wanda ya mutu da shi bayan nan, iyalinsa ba su da wannan kason.

Maman Walid (Ohio): Lauya ka faɗi na baƙaƙen fata mana, shi ne ya fi ƙona mini rai.

Lauya Sadiq: Hajiya ina zuwa wurin. Kafin a biya ka diyyar mantuwa sai an gwada ka an ga nawa basirarka ta ragu. To ma'aunin da ake amfani da shi ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali basirarsa ba ta kai ta farar fata ba. Saboda haka mutum biyu su ci maki ɗaya, a ce farin ya samu naƙasa a biya shi, baƙin kuma a ce ai dama can haka yake. A wasan da fiye da rabin 'yan wasansa baƙaƙe ne. Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara a 2020, a 2021 NFL ta ce ta daina.

Kawu Garba: Innalillahi. A 2021 fa, ba a zamanin bayi ba.

Na Maraɗi: To ni ga shawara. A cire hular gaba ɗaya. 'Yan zari-ruga ba sa sawa, kuma ba ka ganin suna tunkuyi da ka kamar raguna. Hular ce ke sa mutum ya ga kansa makami ne.

Lauya Sadiq: An taɓa yi ba hula ai. A 1905 mutum kusan 18 suka mutu a wasan, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira mutanen Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce su gyara. Daga nan aka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906 don a warwatsa cunkoson.

Dakta Rabi: Kuma zari-rugar ma ba ta tsira ba. Steve Thompson da ya ci kofin duniya da Ingila a 2003 ya ce ba ya tuna wasannin ko kaɗan, yana cikin masu ƙarar hukumominsu. Kai har ƙwallon ƙafar da kuke so: binciken Glasgow na 2019 ya nuna tsoffin ƙwararrun 'yan wasan Scotland sun ninka sauran mutane sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa.

Na Maraɗi: Dakta kar ki taɓa mana tamaula don Allah. Saura ki ce dambe.

Dakta Rabi: Ba sai na ce ba, kai ka faɗa.

Shugaban Zaure: Jama'a a tsaya a kan maudu'i. Maganar dambe a buɗe mata nata zaren, na san inda za ta kai mu.

Ɗan Zango (Bronx): Ni dai abin da na sani, wasan nan ya fitar da dubban iyalai daga talauci. Yaro daga unguwar da ba kowa ke fita da rai ba ya samu karatun jami'a kyauta. Yanzu ma ga tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora yana zagaya Afirka yana neman yara masu jiki, an yi sansani a Accra a 2022, an yi a Legas a 2024. Ka je unguwar Nima a Accra ka ce wa saurayi kar ya je saboda abin da zai same shi yana da shekara 55, ka ji amsar da zai ba ka. Kuma komai ƙaddara ne, wani bai taɓa wasa ba ya rikice a tsufa.

Kawu Garba: Ƙaddara gaskiya ce, amma Allah ya ce tashi in taimake ka. Jikin nan amana ne. Kuma shekara 55 da kake faɗa kamar wata duniya ce mai nisa, ni na wuce ta, ina gaya maka lokacin ne ka fi bukatar hankalinka, ga 'ya'ya sun isa aure. Shi Junior Seau, tsohon ɗan wasan NFL, ma bai kai can ba, 43 yake da ya rasu a 2012. Dave Duerson, shi ma tsohon ɗan wasa, yana da 50 da ya rasu a 2011, ya bar wasiyya a kai ƙwaƙwalwarsa Boston a duba. Dukansu su suka ɗauki ransu, dukansu an samu ciwon. Allah ya raba mu da mummunan ƙarshe.

Dakta Rabi: Amin Kawu. Sai dai a yi hattara da wannan gaɓar. Masana ba su tabbatar cewa CTE ne ke sa mutum ya kashe kansa ba, akwai ciwon jiki na kullum, shaye-shayen maganin kashe zafi, karayar arziki, da baƙin cikin rabuwa da wasa. Ina faɗa ne domin akwai tsoffin 'yan wasa da ke da ciwon damuwa ko matsalar barci da ake iya magancewa, amma sun yanke ƙauna sun ce ai CTE ne, ba sa zuwa asibiti.

Baban Ummi: Ƙanena, ni fa ban ce a rufe wasan ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ranar Lahadi ina gaban talabijin. Abin da na ƙi shi ne a ce mini lafiyar 'yan wasa ce a gaba da komai. In haka ne me ya sa aka ƙara wasanni daga 16 zuwa 17 a 2021, kuma Goodell na faɗa a fili yana son 18? Me ya sa ake buga wasan Alhamis kwana huɗu bayan na Lahadi? Harkar da ke kawo sama da dala biliyan 20 a shekara ce. An rage karo a atisaye inda ba a sayar da tikiti, an ƙara shi inda ake sayarwa. Chris Borland ya yi wannan lissafin a 2015, yana da shekara 24, kaka ɗaya tak ya buga wa San Francisco kuma ya yi fice, ya ajiye ya tafi abinsa.

Ɗan Zango (Bronx): 'Yan wasan ne suka kaɗa ƙuri'a suka amince da 17 ɗin.

Lauya Sadiq: Da ƙyar. Tazarar ƙuri'a 60 ce a cikin kusan 2,000, kuma ƙananan 'yan wasa aka jawo da ƙarin albashi.

Maman Walid (Ohio): Ku yi haƙuri in katse ku, ni tawa matsalar a cikin gida take. Walid shekararsa 10, duk abokansa sun shiga ƙungiyar unguwa, irin mai hula da sulke. Takardar izini na kan tebur tun makon jiya, kullum sai ya yi mini kuka. Shi ba miliyan 212, ba likita a bakin fili, kocin ma baban wani yaro ne da ke taimakawa. Dakta, tsakaninki da Allah, in ɗanki ne za ki sa hannu?

Dakta Rabi: Yaya, tsakanina da Allah ba zan sa ba a wannan shekarun. Wuyan yaro bai yi ƙwari ba, kansa ya yi wa jikinsa girma, ƙwaƙwalwar kuma tana kan ginuwa. Masu binciken Boston sun ga cewa a cikin waɗanda suka duba, waɗanda suka fara wasan karo kafin shekara 12 alamun sun bayyana musu da wuri, da kusan shekara 13. Tunda kuma yawan shekarun wasa ne ke tara haɗarin, duk shekarar da kika jinkirta riba ce.

Ba sai kin raba shi da wasan ba. Akwai na tuta, wanda ake fizge ƙyalle a ƙugu maimakon a kayar da mutum. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta auna yara 'yan 6 zuwa 14, ta ga masu wasan karo sun ninka na tuta sau 15 wajen shan bugu a ka. Ki gaya masa za a buga na tutar a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles, ba wasan raini ba ne. In ya kai sakandare ya nace, sai ku sake zama. A lokacin ki tambayi makarantar sau nawa suke gwabzawa a mako, kuma wa ke duba yaro in ya bugu. Kowace jiha a Amurka tana da doka a kan haka, an fara daga jihar Washington a 2009 saboda wani yaro, Zackery Lystedt, da aka mayar fili bayan ya bugu ya samu naƙasa ta har abada. Dokar ta ce a fitar da yaro nan take, kuma ba zai koma ba sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu.

Ɗan Zango (Bronx): A kan yara ba ni da ja, Hajiya. Nawa ma na tuta yake yi. Manya ne na ce a bar su da zaɓinsu.

Baban Ummi: Manyan nan duk daga 'yan shekara 10 suka fara, ƙanena. Kafin NFL ta ɗauke su sun yi shekara goma suna karo kyauta.

Maman Walid (Ohio): Na gode Dakta, Allah ya bar zumunci. Walid mai sauƙi ne, zan iya da shi. Babansa ne aikin, shi ya riga ya sayo masa hular tun kafin a tambaye ni.

Kawu Garba: Turo mini lambarsa ta bayan fage, 'yata. Bayan isha'i zan kira shi.